Agogon Baba a Hannuna

Masu turo mini saƙo kuna tambaya ko an sa rana, ku yi haƙuri da shirun da na yi. A kan benci nake rubuta muku wannan, wayata saura kaɗan ta mutu. Zan faɗa muku abin da na aikata. Kafin ku fara zagina ku sani na riga ku, babu kalar zagin da ban yi wa kaina ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai na rage a gaban Baba da Umma. Ina aiki a shagon buga takardu da ke kallon ƙofar wata makarantar sakandare. A nan na haɗu da malamin wasanninsu, wanda kowa ke kira Koci, har Umma. Mutum ne da zai kawo shafi ɗaya a buga masa, ya zauna minti arba'in yana gyara waƙafi. Sai da na yi wata biyu kafin na gane ba waƙafin ne ya dame shi ba.

Baba kuwa direba ne. Shekara talatin da ɗaya yana jan doguwar bas ta wani kamfanin sufuri, mai cin mutum hamsin da biyu, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji cewa ko kaza bai taɓa takewa ba. Wata uku da suka wuce ya sunkuya zai duba taya a tasha, bai ɗago ba. Zuciya ce. Ya kwana goma sha ɗaya a asibiti. Kamfani ya karɓi makullin, aka ce sai ya kawo takardar likita mai cewa zai iya komawa kan sitiyari.

Likitarsa wata dattijuwa ce mai tabarau da igiya. Ta ce in yana zaune zuciyar lafiya lau take bugawa, abin da take son gani shi ne yadda take yi in an sa ta aiki. Na'urar da suke ɗora mutum a kai ya yi tafiya a auna shi ta lalace, ba a san ranar gyara ba. Sai ta ce in za mu samu agogon nan na masu motsa jiki, mai auna bugun zuciya, Baba ya riƙa tafiyar minti talatin kullum da safe har sati shida, a kawo mata abin da ya rubuta.

Washegari Koci ya zo da nasa. Baƙi ne, mai maɗaurin roba da zagayayyar fuska, a bayansa akwai wani koren haske da ke ƙyaftawa a kan fata. Yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, har hanyar da mutum ya bi yana zanawa. Koci ya durƙusa a kan kafet ɗin falonmu ya ɗaura wa Baba da hannunsa. Da yake wayar Baba mai madannai ce, sai ya haɗa agogon da tawa, ya kuma saita yadda duk abin da ya shigo tawa zai gani a tasa.

"Na sa masa iyaka, Baba," in ji shi. "In bugun ya wuce ɗari da talatin zai yi ƙara. Da ka ji, ka tsaya ka zauna."

"Wato yanzu agogo ne zai riƙa ba ni hannu kamar ɗan sandan hanya," Baba ya ce. Amma na ga yadda yake jujjuya hannun yana kallo.

Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a kujerar kusa da ƙofa, kuma Gwaggo ba ta ganin dama ta bar ta ta wuce. Koci yana fita ta dubi Baba ta ce, "To kai me kake jira? Yaro ya nuna hali, yarinya tana so. Sai ta fara furfura?"

Baba ya ce, "Ranar da makullina ya dawo hannuna, manyansa su zo. Ba zan aurar da 'yata ina zaune a gida kamar tsohuwar taya ba."

Ina bayan labule na ji. Daga ranar aurena ya rataya a jikin makullin mota.

Ranar farko tare muka fita. Ba mu kai kwanar mai faci ba na ji numfashinsa ya canza. Muna zuwa daidai teburin mai shayi agogon ya fasa ƙara, tii-tii-tii, mai tsini, irin wadda ba ta san sirri ba. Mutane suka juyo. Cikinsu har da direbobi biyu da Baba ya koya wa mota da hannunsa. Ɗaya ya miƙe da sauri ya jawo benci.

"Zauna, Baba, zauna. Jikin ne, sai a hankali."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma gara a ce marinsa ya yi. Baba ya zauna, ya ƙi shayin da aka miƙo masa, muka dawo gida. Ya cire agogon ya ɗora a kan talabijin ya ce, "Ɗan tsegumi."

Washegari da asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Mamana."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ba ya kirana haka sai yana son abu.

"Ki ɗaura wannan. Kwana biyu kawai, kafin in ji ƙarfi."

"Baba, likita fa ta ce..."

"Likita ta taɓa jan mota? A zaune ake tuƙi, ba a guje ba. Ni na san jikina."

"Umma fa?"

"Kada ki tayar mata da hankali."

Ku da kuke da uba, ku faɗa mini. Mutumin da tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ga shi tsaye a ƙofar ɗakina da singileti, yana miƙo mini abu yana kallon ƙasa. Na karɓa.

Ga yadda muka riƙa yi. Mu fita tare, Umma tana yi mana a dawo lafiya. In mun sha kwana ya cire ya ba ni, in ɗaura in ja hannun rigata in rufe har sai na bar unguwa. Shi ya shige bayan wani shagon kafinta da ba a buɗewa sai tara, ya zauna a kan katako da ƙaramar rediyonsa. Ni in zaga ta bayan gidan mai, in bi ta gefen filin ƙwallo, in dawo. Kafin mu shiga gida sai ya yayyafa ruwa a goshi da wuyan riga. Umma ta tare shi da tawul tana cewa, "Sannu, maigida, kai dai ka dage."

Kwana biyu ya zama sati, sati ya zama shida.

Zan iya ce muku biyayya ce kawai, ku tausaya mini. Ba ita kaɗai ba ce. A satin farko da gangan na riƙa jan ƙafa irin na tsofaffi, ina tsayawa ina hutawa, don kada abin ya yi kyau da yawa. A sati na biyu na ƙara sauri kaɗan, yadda zai yi kama da mai samun sauƙi. Ba Baba ne ya koya mini wannan ba, ni na zauna na tsara. Kullum da yamma saƙon Koci zai shigo: "Taku dubu biyar yau! Ki gaishe mini da jarumi." Sai in tura masa hoton dariya. Ina son auren nan, ina son sa ƙwarai, kuma kowane taku da na yi kusantar da shi yake yi.

Amma ina da ido. Na ga Baba ya ɗauko bokiti rabi daga famfo ya ajiye sau biyu kafin ya kai banɗaki. Na ga ya daina kwanciya sai da matashi uku. Na gani, na kau da kai.

Ana gobe za mu koma asibiti, Koci ya shigo shago da rana. Maigidana ya fita, injin kwafi ne kawai ke gurnani. Ni da kaina na buga bayanan agogon, shafi shida, kowane sati da shafinsa, layuka suna hawa suna sauka gwanin kyau. Na miƙa masa ina jiran ya fara tsokanar da ya saba.

Bai yi ba. Ya shimfiɗa su a kan kanta, ya ciro jan biron da yake duba jarrabawa da shi, ya fara zagaye wasu wurare.

"Zo ki ga wani abu."

Na matso.

"Kullum, bakwai saura minti ashirin, zuciyar Baba tana tashi daga casa'in ta haura ɗari da goma sha biyar. Ta yi minti huɗu ko biyar a can, ta sauko. Babu tudu a wurin, na je na duba da ƙafata. Kullum haka, ban da Larabar sati na uku."

Na ƙura wa jajayen zagayen ido.

"Larabar nan wayata ta faɗa ruwa," ya ce. "Ban kira ki ba."

Bakwai saura ashirin. Lokacin da yake kirana ke nan kowace safiya kafin ya shiga makaranta, ni kuma in ɗauka ina tafe, in ce masa ina bayan Baba.

"Da a wani hali ne," ya ce a hankali, "da takardar nan firam zan sa ta in rataye a ɗaki."

Ban san lokacin da na ja hannun rigata ba, amma ya riga ya gani. Sati shida na rana sun bar mini zobe mai haske a wuyan hannu, daidai faɗin maɗaurin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Sati biyu. Ina ta jira ki faɗa mini."

"Za ka faɗa wa likita?"

"A'a. Ba ni zan tona uba a gaban 'yarsa ba, kuma ba hurumina ba ne." Ya rufe biron. "Amma mahaifiyata bas ɗin kamfanin nan take shiga duk wata in za ta wurin yayata. Kujerar bayan direba take so, wai ta fi rashin jijjiga."

Haushi ya taso mini, irin haushin wanda aka kama. "Ka san in na buɗe baki maganarmu ta rushe? Ka san Baba. Ba zai ce ni ce ba, cewa zai yi kai ka zuga ni, kai da agogonka."

"Na sani."

"Shi ke nan abin da za ka ce? Ka sani?"

Ya daɗe yana kallona. "In kin yi shiru ma..." Bai ƙarasa ba. Ya tattara takardun ya daidaita gefensu ya ajiye a gabana, ya fita. Rannan ko waƙafi ɗaya bai gyara ba.

Na koma gida na tarar da Baba yana guge kakinsa na aiki da kansa, shuɗiyar riga mai tambarin kamfani a aljihu, yana bin karin wando kamar wanda za a duba a fareti. Umma tana waya da Gwaggo, muryar Gwaggo tana fitowa har tsakar gida: "Ku ce wa manyan Koci su zo Asabar! Me za a jira kuma?" Umma ta kashe wayar ta dube ni tana murmushi, ta ce in fito da sababbin kofunan nan in wanke.

Na tsaya kusa da teburin guga.

"Baba, jiya na ga ka dafa bango a tsakar gida."

"Takalmi nake gyarawa."

"Ba takalmi a ƙafarka."

Ya ajiye dutsen gugar a tsaye. Bai ɗaga murya ba, Baba ba ya ɗaga murya. "Mamana, gobe ki bar ni da likita. Ke dai riƙe takarda ne naki. In na koma kan kujerata jikin zai dawo, zaman gidan nan ne yake kashe ni. Kin ji ko?"

"Na ji."

Wayata ta yi motsi. Koci ne: "Ƙarfe takwas zan zo in kai ku." Na rubuta "Ka yafe mini", na goge. Na rubuta "Ba zan iya ba", na goge. A ƙarshe "To" kawai na tura.

Da safen nan Baba ya sa farar riga da hular da yake ji da ita, ya ɗaura agogon a hannunsa, ya fesa turare. Ni na zura doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu, wadda na yi sati shida ina ɓuya a cikinta. A mota Umma ce ta fi kowa magana. Koci yana tuƙi, Baba yana gefensa yana gyara masa: "Ka cika taka birki, malam. Tun daga nesa ake karanta hanya." Koci ya ce, "To, Baba." Ko sau ɗaya bai kalle ni ta madubi ba.

Umma da Koci suka zauna a benci a baranda, ni da Baba muka shiga.

Likita ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta gyaɗa kai. Sannan ta karɓi takardun daga hannuna, ta ɗora tabarau a hanci, ta bi su shafi bayan shafi.

"Ikon Allah," ta ce. "Malam direba, wannan zuciyar ai ta fi tawa. Babu haki in kana tafiya?"

"Ko kaɗan."

"Nauyin ƙirji? Jiri?"

"Babu, likita. Garau nake."

Ta jawo aljihun tebur ta ciro fom ɗin kamfani, ta cire murfin biro. Ɗakin ya yi tsit har ina jin tafiyar biron a kan takarda. Ta rubuta sunansa. Ta rubuta kwanan wata. Na dubi Baba, na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar ya riga ya kama sitiyari, fuskarsa da wani haske da rabona da ganinsa wata uku. Wallahi na so in bar masa. Na ce a raina, sa hannu ɗaya ne, Asabar saura kwana uku, wataƙila ma gaskiyarsa ne, a zaune ake tuƙi.

Sai na tuna a tsaye ma motar take lokacin da ya sunkuya duba taya. Na tuna kujerar bayan direba.

Na naɗe hannun rigata na ɗora hannuna a kan teburin, zoben nan mai haske yana sama.

"Likita, ki tsaya. Ba zuciyarsa ba ce a takardar nan, tawa ce. Ni na yi tafiyar, duk sati shidan. Shi rana ɗaya ya gwada, bai yi nisa ba agogon ya yi ƙara."

Biron ya tsaya. Likita ta dubi hannuna, ta dubi Baba. Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da murfin biron, ta ce, "Malam, zauna mu yi magana. Akwai abin da za a iya yi, amma ba wannan takardar ba."

Baba ya riga ya miƙe. Bai kalli likita ba. Ni ya kalla, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ba fushi a ciki, kamar dai yana ƙoƙarin tuna inda ya san ni. Ya gyara hularsa ya buɗe ƙofa.

A baranda Umma ta taso da murmushi. "An samu?"

Ya wuce ta ya tsaya gaban Koci. "Malam, ka faɗa wa manyanka kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

"Baba, bari in kawo mota..."

"Da ƙafata zan tafi. Ai an ce ban iya ba."

Ya sauka matakala ya nufi ƙofar fita. Daga barandar zuwa bakin titi fili ne mai faɗi na ajiye motoci, kuma hawa ne, ga rana ta fara zafi. Baba ya kama tafiya da sauri, irin saurin da yake yi a tasha in lokacin tashi ya yi, farar rigarsa tana kaɗawa. Umma tana jan hannuna tana cewa, "Me ya faru? Ke, me kika yi?" Ina kallon bayan Baba kawai.

Ya wuce layin motoci na farko. Ya wuce na biyu.

Sati shida agogon nan yana hannuna, ko sau ɗaya bai yi kuka ba. Daga inda nake tsaye na jiyo shi, tii-tii-tii, siriri, yana ratsa ƙarar injina. Baba bai tsaya ba. Ya ƙara taku uku, ya miƙa hannu zai dafa wata mota, hannun ya zame.

Ban san inda na yar da takalmana ba. Koci mai koyar da gudu ne, amma na riga shi isa.

Yanzu awa huɗu ke nan. Koci yana can ƙarshen bencin nan, takalmana suna ajiye kusa da ƙafarsa, bai tafi ba. Gwaggo ta kira sau tara ban ɗauka ba. Ɗazu wata nas ta fito ta miƙo mini hular Baba da agogon a cikin leda, ta ce ya farfaɗo, ya yi sa'a abin ya same shi a ƙofar asibiti. Ta ce yana magana, ya ce matarsa ta shigo.

Na miƙe tare da Umma. Nas ɗin ta ɗan tare ni da hannu.

"Ke ce 'yar?"

"Ni ce."

Ta sauke murya. "Ya ce ban da ke."

Umma ta shiga, ƙofar ta rufe. Na koma na zauna da ledar a cinyata. Yana da rai. Wannan nake ta faɗa wa kaina, yana da ran da zai ƙi ganina da shi, kuma ni na zaɓi haka.